Yadda A Ke Auna Rabon Yaro Wajen Shiga Jami'a

A zamanin En'e, cikin ayyuka masu wuya da a ke ɗora wa Hakimi har da samo yara domin makarantar elementare. Takarda ta kan zo daga birni cewa ana bukatar yara kaza daga ƙasarsa, shi kuwa ya aika wa dagatai, iyaye su yi ta ɓoye 'ya'yansu a ɗaki da gona. Yau al'amarin ya juya. Uban yaro da kansa ya ke zuwa ƙofar Hakimi da takardu a hannu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ɗansa ya gama sakandare, ya ci jarrabawa, yana son karatun likita a Zariya, a taimake shi da takarda zuwa ga wani babba. Galibi kuwa abin da mutumin nan ya fi bukata shi ne wanda zai zaunar da shi ya gaya masa gaskiyar inda ɗansa ya ke tsaye, tun lokaci bai ƙure ba. Domin Hakimai da malamansu su iya yin wannan bayani aka rubuta wannan takarda. Maganarmu kuwa a kan manyan jami'o'in Gwamnatin Tarayya ce, waɗanda masu nemansu suka fi gurabensu yawa nesa ba kusa ba, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Ibadan wadda ta soma tun 1948.

Jarrabawa uku ke gaban yaro

Ta farko ita ce ta fita sakandare, watau ta WAEC ko ta NECO. Abin da jami'a ta ke nema a cikinta kiredit biyar ne a darussan da suka dace da fannin da yaro ya ke so, har da Turanci, har da Lissafi kuma ga duk mai neman fannin kimiyya. Bisa al'ada an yarda yaro ya haɗa sakamakon zama biyu, amma a fannin likita waɗansu jami'o'i ba su karɓar sai na zama ɗaya. Wannan jarrabawa ba ta ba yaro gurbi. Izinin shiga takara kaɗai ta ke ba shi.

Ta biyu ita ce ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin a daina barin ko wace jami'a tana yin tata jarrabawar shiga dabam, yaro ɗaya ya kama gurbi biyu ko uku, wani ya rasa. Yaro ya kan rubuta darasi huɗu, Turanci dole, da uku na fanninsa. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga ko wane ɗaya daga sauran, a cikin awa biyu, jimlar maki kuwa 400. Tun daga 2015 da kwamfuta kaɗai a ke yin ta. Wannan abu ne da ya kamata Hakimin ƙauye ya lura da shi ƙwarai, don kuwa yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ran jarrabawa, ya kan ɓata kashin farko na lokacinsa wajen fargaba da laluben inda zai danna, alhali ya san amsar. Hukumar ta kan shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, kuma kuɗin da aka kashe wajen kai yaron ƙauye ya yi ta ba asara ba ne. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne tak. Wanda bai sami gurbi da na bana ba, sai ya sake rubutawa baɗi.

Ta uku ita ce tantancewar da jami'a ta ke yi da kanta, wadda aka soma a 2005, aka soke ta a 2016, aka komo da ita a 2017. Waɗansu jami'o'i su kan yi jarrabawa sosai, waɗansu su duba takardu kawai su ba da maki bisa ga darajar kiredit ɗin yaro. Iyaye da yawa ba su san da ita ba sam, har ranarta ta zo ta wuce yaro yana gona.

Maganar "ya ci jarrabawa"

A nan ne mafi yawan ɓacin rai ya ke fitowa, sabo da haka za mu ɗan daɗe a kai. Ko wace shekara a kan yi taron shugabannin makarantu da hukumar JAMB, a yanke mafi ƙanƙancin makin da za a iya ɗaukar ɗalibi da shi. A 2024 an tsai da 140 ga jami'o'i, a 2025 aka tsai da 150. Da an ji wannan a rediyo sai uban yaron da ya sami 190 ya ce ai ɗansa ya haye har da rara. Ba haka ba ne. Ma'anar wannan adadi ita ce, an hana jami'a ta ɗauki wanda ya gaza shi. Ba a tilasta mata ta ɗauki wanda ya wuce shi ba. Babbar jami'a ta kan sa nata adadin sama da wannan kafin ma ta yarda yaro ya zo tantancewa, sa'an nan ko wane sashe a cikinta yana da nasa, wanda ba a saninsa tabbas sai an jera masu nema daga na sama zuwa na ƙasa, an ƙirga gurabe, an ja layi.

Domin a san darajar maki, ga abin da ya faru a 2025. Yara kimanin miliyan 1.9 suka rubuta jarrabawar. Da aka fitar da sakamako a watan Mayu, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika ɗaya cikin ɗari ba. Daga baya hukumar ta amsa cewa an sami tangarɗar na'ura a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake wa yara kusan 380,000 jarrabawa, amma ko bayan haka mafi yawan yara suna ƙasa da 200. To, yaron da ya sami 250 ya yi ƙoƙari na gaske, ya wuce mafi yawan tsaransa a Nijeriya, ya kuma cancanci a yaba masa a gaban jama'a. Duk da haka yana yiwuwa ya rasa gurbin likita, don kuwa ba da dukan yaran Nijeriya ya ke takara ba. Da waɗanda suka nemi fannin da ya nema, a jami'ar da ya nema, da su ya ke takara, kuma sanannen abu ne cewa masu manyan maki a fannoni kaɗan su ke taruwa: likita, da haɗa magunguna, da aikin jinya, da lauya, da waɗansu rassan injiniya da ilmin kwamfuta.

Kada kuma a ga laifin jami'a a ce don me ba ta ƙara kujeru. Hukumar da ke kula da aikin likita a Nijeriya ita ke yanke wa ko wace makarantar likita yawan ɗaliban da za ta ɗauka, bisa ga malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Haka majalisar koyar da aikin lauya ta ke yi wa sassan shari'a. Jami'ar da ta zarce adadinta ita da ɗalibanta ne za su sha wuya daga baya.

Ƙofofi uku

Jami'o'in Tarayya suna raba guraben ko wane fanni kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, watau waɗanda suka fi maki, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'ya'yan jihohin da aka keɓe wa jami'ar ne a matsayin yankinta. Kashi 20 kuwa na jihohin da Gwamnati ta lasafta cewa an bar su a baya wajen ilmin zamani, jihohin Arewa suna ciki, tare da kaɗan daga Kudu kamar Ebonyi da Bayelsa. A ce sashe yana da gurbi 100. Za a fara ɗebe 45 na sama duka. Sa'an nan a koma cikin waɗanda suka rage a tsamo 'yan yankin jami'a, a jera su, a ɗauki 35. Sa'an nan a jera 'yan jihohin da aka bari a baya, a ɗauki 20. Ko wace ƙofa da inda layinta ya ke tsayawa, shi ya sa za a ga an ɗauki mai maki kaɗan an bar wanda ya fi shi, ba tare da an yi rashin gaskiya ba.

Akwai wani abu a cikin wannan tsari da mutanenmu ba su cika lura da shi ba. Yaron Kano da ya nemi Jami'ar Bayero, ko na Katsina da ya nemi ta Zariya, lalle yana da ƙofa uku a buɗe. Amma mafi yawan abokan takararsa su ma haka su ke, sabo da haka fifikon bai raba shi da kowa ba, kamar a ce an ƙara wa dukan dawakin sukuwa taki goma ne. In kuwa wannan yaro ya nemi Ibadan, inda 'yan Arewa masu nema ba su da yawa, ƙofa ta uku tana iya yi masa amfani na gaske, don jami'ar ta kan buga makin ko wace ƙofa dabam, kuma a fannonin da a ke rububi na ƙofa ta uku ya kan sauko ƙasa da na cancanta. Ba mu ce ko wane uba ya tura ɗansa Kudu ba. Akwai nisa, akwai tsadar zama, akwai kuma iyayen da hankalinsu ba zai kwanta ba, balle in 'ya mace ce. Amma ya kamata a san cewa hanyar tana nan. Jami'o'in jihohi kuwa nasu tsarin dabam ne, su kan fifita 'ya'yan jiharsu, sabo da haka yaron da makinsa ya ke tsaka-tsaki sau da yawa rabonsa ya fi ƙarfi a jami'ar jiharsa.

Lissafin da malami zai yi

In uba ya zo da takardun ɗansa, kada malami ya fara da tambayar maki. Ya fara da duba ko darussan da yaro ya rubuta sun dace da fannin da ya nema. Mai son likita sai ya rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji tare da Turanci. Mai son injiniya sai da Lissafi da Fiziks. Mai son lauya sai da Adabin Turanci. Yaron da ya kuskure wannan, ko ya sami 300 ba za a dube shi ba, kuma ko wace shekara a kan yi asarar yara masu ƙwazo ta wannan hanya, don kawai mai shagon da ya cika musu fom ya zaɓa musu abin da ya ga dama. Hukumar JAMB tana da littafin da ya bayyana sharuɗɗan ko wane fanni a ko wace jami'a, yana nan a intanet kyauta, ya kamata ko wane ofishin Hakimi ya san yadda a ke buɗe shi. Asalin gyaran ma tun yaro yana shiga aji huɗu na sakandare ne, lokacin da a ke raba su zuwa ajin kimiyya da na adabi. Tun ran gini tun ran zane.

Na biyu, ya duba wace jami'a yaro ya sa a zaɓi na farko. Manyan jami'o'i ba su cika waiwayar wanda ya sa su a na biyu ba, don na farkon ma sun ishe su.

Sa'an nan ya zo ga maki. Ko wace jami'a da yadda ta ke haɗa nata, amma hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a ba makin JAMB rabi, a ba na tantancewa rabi. Ga misali. A ce Audu ya sami 264 a JAMB, Garba ya sami 240. In aka raba ko wanne da 8 domin a mai da 400 ta zama 50, Audu yana da 33, Garba yana da 30. A jarrabawar tantancewa Audu, da ya ke ya saki jiki yana ganin ya riga ya haye, ya sami 60 cikin 100, watau 30. Garba ya dage da karatu ya sami 78, watau 39. Jimlar Audu 63, ta Garba 69. Ratar maki 24 da ta sa gidan su Audu murna, maki 3 ce kawai a wannan ma'auni, kuma Garba ya shafe ta a zama ɗaya. Darasin da ke ciki shi ne, watannin da ke tsakanin fitowar sakamakon JAMB da ranar tantancewa ba na hutu ba ne.

Bayan wannan sai malami ya nemi sanin inda layin wannan fanni ya tsaya bara da bara waccan, ko daga sanarwar jami'a ko daga ɗaliban ƙasarsa da ke karatu a can, ya gwada da na yaro. In yaro ya wuce layin sosai, a ce masa ya tsaya a kan zaɓinsa. In yana bakin layi, a gaya wa uban cewa abin yana iya yiwuwa, yana kuma iya ƙi. In kuwa yana ƙasa da shi da nisa, gaskiya ita ce a ce masa ya sauya. Hukumar JAMB ta yarda yaro ya sauya fanni ko jami'a bayan ya ga makinsa, da biyan kuɗi kaɗan. Makin da bai isa likita ba sau da yawa ya isa aikin gona, ko ilmin koyar da kimiyya, ko Kemistiri, har ya sa yaro a sahun gaba. Mun sani wannan magana tana da ɗaci ga uban da ya riga ya gaya wa dangi cewa ɗansa likita zai zama. Amma gara ya ji ta daga bakin Hakiminsa a watan Yuni da ya gane ta da kansa bayan an rufe ɗauka.

Hannun Hakimi

Tun da ya ke fiye da rabin gurabe a kan asalin yaro a ke raba su, takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ta zama abu mai daraja, ita kuwa daga mai unguwa da dagaci da Hakimi ta ke tasowa kafin ta kai sakatariya. Duk Hakimin da ya sa hannu ya shaida wanda ba ɗan ƙasarsa ba ne, don kunya ko don wani abin hasafi, ya sani cewa kujerar wani yaro na ƙasarsa ya ɗauka ya bayar, yaron da watakila ba zai taɓa sanin abin da ya hana shi ba. Haka kuma zalunci ne a hana takarda ga wanda ya cancance ta, ko a yi ta ja masa rai har ranar tantancewa ta wuce. Ya kamata malami ya ajiye littafi na musamman, ya riƙa rubuta sunan duk wanda aka shaida, da sunan ubansa, da unguwarsu, da mai unguwar da ya kawo shi, da kwanan wata.

Sai maganar suna da shekaru. Tun daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma abin da ke kan wannan lamba shi na'ura ta ke ɗauka. Al'adarmu ta sa yaro ɗaya ya zama Muhammadu Sani a firamare, Sani Garba a sakandare, Sani Abubakar Gaya a katin ɗan ƙasa. A gida duk mutum ɗaya ne. Ga jami'a kuwa mutum uku ne, kuma gyaran ya kan ci kuɗi da watanni. A daidaita suna da ranar haihuwa a dukan takardu tun kafin yaro ya yi rajistar WAEC. Game da shekaru, a 2024 Ministan Ilmi ya yi shelar cewa sai mai 18 za a ɗauka, aka yi ta gardama, kafin shekarar ta ƙare aka komar da shi 16. Kada a ƙara wa yaro shekaru a takardar rantsuwa don ya cika sharaɗi. Ƙaryar za ta bi shi har ranar da zai bar aikin Gwamnati.

Amma takardar alfarma da a ke roƙon Hakimi ya rubuta, ƙarfinta ya ragu ƙwarai. Tun 2017 duk ɗaukar ɗalibi ta kan bi ta wani tsari na kwamfuta da a ke kira CAPS, inda jami'a ta ke gabatar da sunaye, hukumar JAMB ta duba ta amince, sa'an nan yaro da kansa ya shiga ya karɓa ko ya ƙi. Gurbin da aka bayar ta bayan wannan tsari hukumar ba ta san da shi ba, mai shi kuwa yana iya gama karatunsa ya tarar babu sunansa cikin masu tafiya yi wa ƙasa hidima. Abu biyu ke wajaba a kan yaro a nan: ya tabbata an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a shafinsa na JAMB, don in babu shi ba za a gabatar da sunansa ba, kuma ya riƙa dubawa a kai a kai, don gurbin da ba a karɓa cikin 'yan makonni ba a kan ba wani. Masu yawo suna karɓar kuɗi wai za su ƙara wa yaro maki, Hakimi ya sa a yi shela a kasuwa da masallatai cewa macuta ne. A 2023 wata ɗaliba ta nuna takardar da ke cewa ta sami 362, har aka fara yi mata kyauta, bincike ya nuna 249 ta samu, aka hana ta rubuta jarrabawar shekara uku. Da ta tsaya a kan makinta na gaskiya, da ya ishe ta shiga fannoni da dama.

Wanda bai samu ba bana

Ba a rufe masa hanya ba. Yana iya sake rubuta JAMB. Yana iya shiga karatun share fage na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawarsa, a kan yi shi kuwa cikin kimanin shekara guda a makarantu da dama na Arewa, in ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Mai takardar NCE ko difloma shi ma yana da wannan hanya. Sai dai a bincika a tabbata makarantar da za a kai shi tana cikin waɗanda aka amince da su, a kuma sani cewa guraben shiga kai tsaye a fannin likita sun fi na JAMB ƙaranci. Wanda ya sami gurbi kuma kuɗi ya gagara, akwai hukumomin tallafin karatu na jihohi, akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka kafa dokarsa a 2024, mai ba da rance ba ruwa ga ɗaliban makarantun Gwamnati.

Rajistar JAMB ta kan buɗe ne a farkon shekara, wajen Janairu ko Fabrairu, ba ta kuwa daɗewa a buɗe. Ba a fafe gora ran tafiya. Ana roƙon Hakimai su tara dagatai da shugabannin makarantun sakandare na ƙasarsu a cikin watan Disamba, a kawo sunayen yaran aji shida, maza da mata, a duba lambar NIN ta ko wanne da yadda aka rubuta sunansa, a kuma karanta musu sashen nan na lissafi tare da iyayensu.